Shirin Advanced Placement

Advanced Placement, wanda aka fi sani da AP, shiri ne a Amurka da ke bai wa ɗaliban sakandare damar ɗaukar darussan matakin jami'a tun kafin su kammala makaranta. Hukumar College Board ce ke gudanar da shi tun 1955.

Malamin sakandare ne ke koyar da darasin, na lissafi ne ko tarihi ko kimiyyar halittu, sannan a zauna jarrabawa a watan Mayu. Sakamako yana kamawa daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da dama suna karɓar 3, wasu kuwa sai 4 ko 5, domin kowace da ƙa'idarta. Wanda aka amince da makinsa ba sai ya sake yin kwas ɗin a jami'a ba, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga iyaye masu biyan kuɗin karatu.

Wata hanyar ɗaukar darussan matakin jami'a, ban da AP, ita ce ɗalibi ya yi rajista a kwalejin yankinsu yana sakandare. Jihar Minnesota ta kafa dokar hakan a 1985. A ɓangaren AP kuwa, abin takaici, ƙananan makarantun karkara ba su cika samun darussansa da yawa ba.