Aikin da Ba Ya Ƙarewa: Waiwaye Kan Binciken Kula da Manhaja, Daga IBM Zuwa Salaga

A watan Fabrairun 2019 garin Salaga ya tashi daga Yankin Arewa na ƙasar Gana ya koma sabon Yankin Savannah mai hedikwata a Damongo. Ko tubali guda ba a ɗaga ba. Kasuwa na inda take, asibiti na inda yake, hanyar Tamale kuma ba ta ƙara tsawo ba. Ƙuri'ar raba gardama ta ranar 27 ga Disamban 2018 ce ta mayar da yankunan ƙasar 16 maimakon 10. Sai dai a cikin duk wata kwamfutar gwamnati da ke riƙe da sunan Salaga a ƙarƙashin Tamale, abin da yake daidai jiya ya wayi gari kuskure. Babu abin da ya lalace a manhajar, ƙasar ce ta motsa ta bar ta a baya, kuma dole wani ya zauna ya jawo ta ta cim ma zamani.

Wannan zaman gyara, wanda ba a yi masa bikin buɗewa, ba a kuma gayyato minista ya yanka zare dominsa, shi ne abin da wasu masana suka shafe sama da shekaru 50 suna nazari a kai. Tarihin nasu ya cancanci mutanen zango su san shi, domin yanzu kuɗinmu da katin asibitinmu da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu duk a hannun manhaja suke.

A shekarar 1968 aka yi wani taro a Garmisch ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin ƙungiyar NATO, inda masana suka yarda da bakinsu cewa rubuta manyan manhajoji ya fi ƙarfin dabarun da ake da su. Amma hankalin yawancinsu yana kan yadda za a gina sabuwa. Wanda ya juya ya dubi abin da ke faruwa bayan an gama gini shi ne Meir Lehman, wanda aka fi sani da Manny, haifaffen Jamus a 1925 da ya tashi a Ingila. Yana aiki da kamfanin IBM a Amurka, a 1969 ya rubuta rahoto kan yadda kamfanin ke gudanar da aikin manhaja. Daga nan shi da abokin aikinsa László Bélády suka duƙufa kan OS/360, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin kamfanin. Sun bi sahun fitowarta kusan sau 20, suna ƙirga sassanta da yawan sassan da ake taɓawa a kowane zubi.

Abin da suka gani ya ɗaure wa mutane kai. Manhajar na ta ƙara girma ba tsayawa, kuma kowane sabon zubi yana tilasta a taɓa kaso mafi yawa na sassanta fiye da na baya. Lehman ya fara tsara wannan a matsayin dokoki a 1974, bayan ya koma Imperial College a Landan, kuma zuwa 1996 dokokin sun kai 8. Biyun farko su ne ƙashin bayan sauran. Ta ɗaya ta ce manhajar da ake aiki da ita a rayuwar yau da kullum tilas ta riƙa canzawa, in ba haka ba amfaninta ya yi ta raguwa. Ta biyu ta ce duk lokacin da aka canza ta, cikinta na ƙara cukurkuɗewa, sai fa in an ware lokaci da kuɗi musamman don warware ta. A 1980 ya ƙara wani bayani da nake gani shi ne mafi zurfi a aikinsa: manhajar da aka rubuta don tafiyar da harkar mutane tana zama ɓangare na harkar, tana canza yadda mutanen ke aiki, su kuma sai su dawo da sababbin buƙatu. Don haka babu ranar da za a ce an gama.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles kuma, Burton Swanson ya ɗauki wata hanyar. A 1976 ya raba aikin kula da manhaja gida uku: gyaran kuskure, daidaita ta da canjin da ya zo daga waje, da kuma inganta ta don biyan ƙarin buƙatun masu amfani. Shi da Bennet Lientz suka tambayi ma'aikatu 487, suka fitar da littafi a 1980. Sun samu cewa kusan rabin ƙarfin masu manhaja a wuraren nan yana tafiya ne wajen kula da tsofaffi. A cikin wannan aikin kuma, gyaran kuskure bai wuce kusan kashi 1 cikin 5 ba. Kusan duk sauran daidaitawa ne da ingantawa. Wannan adadi ya rushe tunanin cewa da an samu gwani ya rubuta ta da kyau tun farko, shi ke nan an huta.

Mutumin Salaga ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Garin da fataken goro daga Kano da Katsina suka sani da yawan rijiyoyi ya san cewa haƙa rijiya aikin lokaci guda ne, yasarta kuwa aikin kowace shekara. Rijiyar da aka daina yasa ba ta rushewa rana ɗaya. Laka ce ke taruwa a hankali har guga ya daina kawo ruwa, kuma sunan mai haƙa ake tunawa, ba a cika tuna mai yasa ba.

Daga 1983, lokacin da aka fara taron masana na musamman kan kula da manhaja a Monterey ta Kalifoniya, fannin ya tsaya da ƙafarsa. Mujallarsa ta fara fita a 1989. Aka samu masu nazarin yadda za a karanta tsohuwar manhaja a gano tsarinta bayan takardunta sun ɓace, da masu neman hanyar gyara cikinta ba tare da canza aikinta ba. Ward Cunningham a 1992 ya kwatanta gaggawar da ake yi wajen rubutu da cin bashi mai ruwa. David Parnas a 1994 ya nuna cewa manhaja na tsufa ta hanya biyu: in an ƙi canza ta, da kuma in waɗanda ba su fahimci tsarinta ba suka yi ta canza ta. Sai shekarar 2000 ta tunkaro, duniya ta kashe biliyoyin daloli tana bin tsofaffin manhajojin COBOL da aka rubuta musu shekara da lamba biyu kawai, saboda marubutansu ba su zaci za su kai wannan lokaci ba.

Cikin duk rubuce-rubucen wancan zamani, wanda ya fi taɓa ni shi ne na Peter Naur, ɗan ƙasar Denmark, a 1985. Ra'ayinsa shi ne ainihin manhaja yana cikin kawunan mutanen da suka gina ta, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka yi kaza aka bar kaza. In suka watse, manhajar za ta iya ci gaba da aiki, amma ta mutu a ma'anar cewa babu mai iya canza ta da fahimta. Duk wanda ya taɓa shiga ofishi a arewacin Gana ya ji an ce, "Ai mai kula da ita an yi masa canjin wurin aiki," ya ga abin da Naur ke nufi.

Zuwan manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda kowa zai iya karanta rubutunsu, ya buɗe wa masu bincike ƙofa. A 2000 Michael Godfrey da Qiang Tu na Jami'ar Waterloo a Kanada suka nuna cewa Linux na girma da saurin da ya zarce hasashen dokokin Lehman, aka kuma yi ta muhawara. Daga 2004 aka fara taro na daban kan haƙo bayanai daga rumbunan da ke adana tarihin kowane canji. Lehman ya rasu a 2010, bayan ya ga ana gwada dokokinsa a kan manhajojin da bai taɓa mafarkinsu ba.

Hanyar da wannan ilimi ya bi ya iso Yendi da Bawku ta faro ne daga Afirka ta Kudu. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, masana daga Jami'ar Western Cape da Jami'ar Oslo ta Norway suka haɗa kai don tsara yadda gundumomi za su tattara bayanan kiwon lafiya. Daga nan manhajar DHIS ta fito. A 2004 Jørn Braa da Eric Monteiro da Sundeep Sahay suka wallafa nazarin da ya ce aikin gwaji da aka dasa a wuri guda shi kaɗai ba ya daɗewa, sai an haɗa shi da wasu wurare masu koyo daga juna da kuma horar da mutanen gida. Sabon zubinta, DHIS2, ya fara aiki a jihar Kerala ta Indiya a 2006. A 2012 Hukumar Lafiya ta Gana ta ɗauke ta da sunan DHIMS2, kuma Nijeriya ma da ita take aiki.

Kafin 2012 manhajar da ake da ita ana girka ta ne a kwamfutar kowace gunduma. In aka ƙara layi ɗaya a fom, sai an bi gunduma-gunduma an sabunta, wadda aka manta kuma ta ci gaba da aiko da tsohon tsari. DHIMS2 tana zaune ne a wuri guda, ana shiga ta intanet, don haka gyara ɗaya ya wadatar da ƙasa baki ɗaya. Nauyin bai gushe ba, wuri ya canza: yanzu ya koma kan layin sadarwa da wutar lantarki, kuma ta zo daidai shekarun da ɗaukewar wuta, wadda 'yan Gana ke kira dumso, ta addabi ƙasar.

A duba yadda ƙarshen wata yake a ofishin lafiya na gunduma. Ma'aikatan jinya na ƙananan cibiyoyin CHPS sun ƙirga rajistocinsu da biro, mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, nawa aka gwada zazzaɓin cizon sauro ya nuna. An ɗauro fama-faman a bayan babur, wasu sun sha ƙura, wasu ruwa ya taɓa gefensu. Jami'in bayanai na zaune yana shigarwa akwati-akwati, yana kiran waya in ya ga adadin da bai yi kama da gaskiya ba. To a shekarar da DHIMS2 ta fara aiki, aka yanke gundumar Mion daga Yendi, aka kuma cire Binduri da Pusiga daga Bawku. Gundumomin ƙasar sun tashi daga 170 zuwa 216, yanzu sun haura 260. Kowace yanka tana haifar da tambayoyi. Alƙaluman bara na cibiyar da ta koma sabuwar gunduma, na wa ne? Mutum nawa za a ce suna zaune a kowane ɓari, tunda da wannan adadin ake auna ko rigakafi ya kai ga yara? In aka yi kuskure a nan, gunduma ɗaya za ta nuna ta yi wa yara fiye da kashi 100 cikin 100, maƙwabciyarta kuma ta zama kamar ta yi sakaci, kuma da irin wannan lissafi ake raba magani da ma'aikata. Wannan shi ne gida na biyu a rabon Swanson, kuma a nan lafiyar yara ce a kan sikeli.

Harkar kuɗi ma haka take. A watan Yulin 2007 aka datse sifili 4 daga sidi, tsohon 10,000 ya zama 1, kowane banki da ofishin albashi sai da ya taɓa manhajarsa. Harajin aika kuɗi ta waya ya fara a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5, tare da yafe sidi 100 na farko a kowace rana. A Janairun 2023 ya sauko kashi 1, a Afrilun 2025 aka soke shi. Mai rumfar aika kuɗi ta waya a kasuwar Bawku ya ga canjin a saƙon da ke shigowa wayarsa. Injiniyoyi kuwa sau uku suna buɗe wuri guda cikin shekaru uku.

Masu ba da tallafi sun daɗe ba su ɗauki darasin ba. Richard Heeks na Jami'ar Manchester ya nuna a 2002 cewa yawancin irin waɗannan ayyuka a ƙasashe masu tasowa na faɗuwa ne saboda tazarar da ke tsakanin tunanin mai tsarawa da halin da ake ciki a wurin. Marigayi Herman Chinery-Hesse, wanda ya kafa kamfanin manhaja a Akra a 1991, ya yi ta nanata cewa a rubuta abin da zai jure wa yanayinmu na ƙarancin wuta da katsewar layi. Duk da haka ayyukan gwaji na lafiya ta wayar salula suka yi yawa har Uganda ta dakatar da sababbi a 2012. Kuɗin tallafi yakan ƙare da shekara uku, alhali DHIMS2 ta haura shekaru goma tana aiki saboda hukuma ta riƙe ta a matsayin tata, ta kuma ci gaba da horar da mutanenta.

Inda nake ganin giɓi a wannan fanni shi ne yawancin bincikensa yana auna abin da ya bar sawu a rumbun rubutu. Kiran wayar da wani jami'i a Salaga ya yi don a mayar da cibiyarsa gurbinta ba ya shiga rumbu. Haka ilimin da ke fita daga Bawku duk lokacin da rikicin sarauta da dokar hana fita suka sa wani ma'aikaci ya nemi a mayar da shi kudu. Akwai Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa a Tamale tun 1992, akwai wata a Navrongo tun 2020, kuma rubutun DHIS2 a buɗe yake ga kowane ɗalibi. Maimakon kowane mai kammala karatu ya ƙirƙiro sabuwar manhajar da za a ajiye a kanta bayan an ba shi maki, ina so in ga an tura wasunsu su bi diddigin abin da ya faru da alƙaluman Yendi da Mion tun 2012: wa ya yi gyaran, da wane ma'auni ya raba jama'ar, kuma wa ya koya wa wanda ya gaje shi. Daga Tamale zuwa Yendi kimanin kilomita 100 ne, ta Sang ake bi, hedikwatar Mion ɗin.