Ganga ko Faifai: Tarihin Birkin Tsohuwar Mota

A littattafanmu, idan marubuci ya so raba tauraro da duniya, sai ya sa shi a mota ya ce birki ya tsinke, an wuce wurin. Alhali birki yana da tarihi, kuma akwai dalilan da ke hana shi ci. Maƙalar wannan makon za ta bi wannan tarihi ta kan tsofaffin motocin da har yau suke kwasar hatsi da kayan gwari daga ƙauyukan Kibiya irin su Fammar zuwa Rano da Kano.

Birkin mota iri biyu ne, kuma sa'annin juna ne. A 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin ganga: wani ƙoƙon ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya, a cikinsa akwai layini biyu da ke buɗewa su matse shi idan an taka feda. A wannan shekarar kuma Frederick Lanchester na Ingila ya yi rajistar birkin faifai, inda fad biyu ke damƙe faifan ƙarfe ta gefe da gefe. Na Lanchester ya cika ƙara, ga saurin cinyewa a hanyoyin ƙura na lokacin, don haka ganga ta riƙe kasuwa shekara hamsin.

Abin da ya kayar da ganga shi ne zafi. Aikin birki mayar da gudu zafi ne. Ganga a rufe take, zafin ba ya samun mafita, sai ƙarfen ya buɗe ya yi nesa da layini, direba ya taka ya ji mota ba ta da niyyar tsayawa. Faifai kuwa a fili yake, iska na dukan sa. A 1953 motar Jaguar mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, a 1955 kuma Citroën DS ta kawo shi cikin motocin kasuwa.

Mu a Arewa, ta hannun Peugeot, wato Fijo, muka ga wannan sauyi. 404 ta fito a 1960 da ganga a ƙafa huɗu. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968 da faifai a ƙafa huɗu, kuma ita ce ta cika titunanmu bayan da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975. To amma da kamfanin ya zo yin masu ɗaukar kaya, wato wagon da a-kori-kura na 504, sai ya bar faifai a gaba ya mayar da ganga baya. Haka aka yi wa J5, wadda ta fito a 1981 aka daina ƙera ta wajen 1994. A Turai da yawa daga cikin J5 an gina musu ɗaki ne da gado da madafa, suka zama motocin tafi-da-gidanka na yawon hutu. A nan kuwa kwandunan tumatir da buhunan albasa muka ba ta. Da mai ɗakin da mai tumatir duk matsalarsu ɗaya: tsohuwar mota, nauyi mai yawa, ga gangara.

Wannan rabon aiki yana da hujja. Idan aka taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya, don haka ƙafafun gaba ne ke yin mafi yawan aikin, su ne kuma ke shan zafi. Baya kuma ganga ta fi dacewa: tana da araha, tana riƙe birkin hannu da kyau idan an ajiye mota da lodi a gangare, kuma rufinta na rage shigar tsakuwa da ƙurar rani. Rauninta damina ce, domin idan aka ratsa ruwa sai ta ɗauki lokaci kafin ta bushe ta koma ci, shi kuwa faifai nan take yake watsar da ruwan.

Saboda haka mai tsohuwar mota mai ganga huɗu da ke son sa faifai a gaba, ya san ba faifan kaɗai zai saya a Ƙofar Ruwa ba. Ganga tana taimakon kanta, domin juyinta na ƙara jan layini ya manne. Faifai ba ya haka, yana buƙatar busta da zai ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, da masta da ta dace da shi, da daidaita rabon mai tsakanin gaba da baya. In aka kuskure wannan rabon har baya ta riga gaba kullewa, mota juyawa za ta yi a tsakiyar titi. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Ganga huɗu da aka saita da kyau ta fi faifan da aka haɗa da kame-kame.

Akwai kuma abin da babu irin birkin da ke jure masa. Man birki yana shan danshi, idan ya tsufa ya ji zafi sai ya tafasa, feda ta nutse har ƙasa. Lodin da ya wuce ƙima yana ninka zafin. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sauka gangara da ƙaramar giya, su bar inji ya riƙe motar.

Don haka duk wanda zai rubuta haɗarin mota a labarinsa, ya fara tambayar kansa buhu nawa ta ɗauko, wace gangara ta sauko, kuma yaushe rabon da mai ita ya canza man birki. A nan ne zai samu wanda ke da alhakin abin da ya faru. Allah Ya kiyaye hanya.