Yadda bakteriya ke ƙera ɓarɓashin zinare da azurfa, da matsayinsa a harkar magani

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, a Zuru ko a wani gari na Najeriya, ya san jan layin nan da ke bayyana a jikin ɗan allon gwajin bayan an ɗiga jini. A yawancin irin waɗannan kayan gwaji, zinare ne ke ba da launin. An mayar da shi ɓarɓashi ƙanana ƙwarai, kowanne kimanin nanomita 40, sannan aka liƙa masa sinadarin da ke gane alamar ƙwayar cutar. Haka abin yake a tsinken gwajin ciki da kuma gwajin gaggawa na cutar korona.

A masana'antu, da sinadarai ake haɗa irin wannan ɓarɓashi. Sai dai fiye da shekara 40 ke nan masana suka lura cewa wasu nau'o'in bakteriya ma suna ƙera shi da kansu. Daga nan aka samu wani reshe na bincike da ke neman mayar da waɗannan halittu ƙananan masana'antu, kuma jami'o'in Najeriya na cikin masu gudanar da shi.

Mene ne ɓarɓashin nano?

Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kashi ɗaya shi ne nanomita. Ana kiran abu ɓarɓashin nano idan girmansa yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Kaurin silin gashin mutum kuwa ya kai kimanin nanomita 80,000.

A wannan ƙanƙanta, halin ƙarfe yana sauyawa. Zinare da aka sani da ruwan ɗorawa yakan koma ja idan ɓarɓashinsa na yawo a cikin ruwa, abin da masanin Ingila Michael Faraday ya yi bayani a kai tun 1857. Azurfa kuma takan ba da launin rawaya zuwa ruwan ƙasa. Ƙarfin aikinsa ma yana ƙaruwa, kamar yadda dakakkiyar kanwa ke saurin narkewa fiye da dunƙulalliya, domin gefen da ke taɓa ruwa ya fi yawa.

Me ya haɗa bakteriya da ƙarfe?

Bakteriya halittu ne masu ƙwayar rai guda ɗaya, waɗanda ido ba ya gani. Mutane sun fi saninsu da jawo cuta, amma mafi yawansu ba sa cutar da ɗan Adam. Su ne ke mayar da madara kindirmo, su ne kuma ke nunar da kalwa ta zama daddawa.

Ƙarfe irin su zinare da azurfa, idan suna narke a cikin ruwa, guba ne ga bakteriya. Wasu nau'o'in da ke zaune a ƙasar da ƙarfe ya yi yawa sun samu hanyar kare kansu: suna miƙa wa narkakken ƙarfen ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, sai ya daskare ya koma ɓarɓashi wanda cutarwarsa ba ta kai ta farko ba. Ke nan abin da masana ke nema a wurinsu, a wajen bakteriya shara ce da suka kawar don su tsira.

Marina sun daɗe suna cin moriyar irin wannan aiki. A karofi, kamar na Ƙofar Mata a Kano, baba ba ya narkewa ya kama zane sai bakteriyar da ke cikin ramin sun miƙa masa ilektiron. Aikin iri ɗaya ne, sakamakon ne ya bambanta: baba narkewa yake yi, ƙarfe kuma daskarewa.

Yadda aka gano

A 1975, Richard Blakemore na Amurka ya ba da rahoton wasu bakteriyar cikin laka da ke bin maganaɗisun duniya idan suna iyo. Daga baya aka gano cewa a cikin jikinsu akwai jerin ɓarɓashin baƙin ƙarfe mai maganaɗisu, kowanne tsakanin nanomita 35 zuwa 120, da suke ƙerawa da kansu.

A 1980, Beveridge da Murray a Kanada sun nuna cewa zinare na taruwa a bangon jikin Bacillus subtilis, wato nau'in da ke kan gaba wajen nunar da daddawa. A 1999, masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun ga ƙwayoyin azurfa masu girman da ya kai nanomita 200 a jikin Pseudomonas stutzeri AG259, wadda aka samo daga ƙasar wani wurin haƙar azurfa. Wannan aiki ne ya ja hankalin masana sosai zuwa fagen.

A 2002, Nair da Pradeep a Indiya sun samu ƙwayoyin zinare da azurfa ta hanyar Lactobacillus, dangin bakteriyar da ke cikin nono. A 2006, Frank Reith da abokan aikinsa sun samu Cupriavidus metallidurans a jikin ƙwayoyin zinaren da aka tono a Ostireliya. A 2013 kuma, masana a Jami'ar McMaster ta Kanada sun gano cewa Delftia acidovorans na fitar da wani sinadari da ke daskarar da zinare tun kafin ya shiga jikinta.

Yadda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje

Da farko ana renon bakteriyar a cikin ruwan abinci na kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai a tace, a ware ƙwayoyin daga ruwan da suka rayu a ciki. A cikin wannan ruwa akwai inzayim, wato sinadaran da halittu ke fitarwa don saurin gudanar da aiki. Sai a zuba masa narkakken gishirin azurfa ko na zinare, a ajiye.

Bayan 'yan sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko fiye, launin ruwan yakan sauya, alamar ɓarɓashi ya fara samuwa. Ana tabbatar da hakan da na'urar auna haske, domin ɓarɓashin azurfa na shan haske mai tsawon zango nanomita 400 zuwa 450, na zinare kuma wajen 520. Ganin siffarsa da auna girmansa sai da madubin ilektiron, na'ura mai tsadar gaske.

Akwai hanya ta biyu, inda ɓarɓashin ke samuwa a cikin jikin bakteriyar, sai an fasa ta a fitar da shi. Wannan ta fi wahala, shi ya sa aka fi bin ta farko.

Abin da ke jan hankali a wannan hanya shi ne ba ta bukatar zafi mai yawa, ba ta kuma bukatar wasu sinadarai masu haɗari da ake amfani da su a masana'antu. Ƙari a kan haka, furotin ɗin bakteriyar yakan lulluɓe ɓarɓashin ya hana shi dunƙulewa.

Amfaninsa a asibiti

Azurfa ta daɗe a harkar magani. A 1881, likitan Jamus Carl Credé ya fara ɗiga wa jarirai ruwan gishirin azurfa a ido don kare su daga makantar da ciwon sanyi ke jawowa. A ƙarshen shekarun 1960 aka samar da man shafawa mai azurfa da har yau ake sa wa masu ƙuna. A yau akwai bandeji mai ɓarɓashin azurfa, irin su Acticoat, da ake rufe ƙuna da gyambo da shi. Azurfa na kashe bakteriya ta fuskoki da yawa lokaci guda: tana lalata bangon jikinsu, ta tsayar da inzayim ɗinsu, ta kuma hana su hayayyafa.

Wannan ne ya sa ake sa rai da ita a yaƙi da ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Ɓarɓashin baƙin ƙarfe ma ya shiga asibiti. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Feraheme don ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda. A 2010 aka ba NanoTherm izini a Turai: ana zuba ɓarɓashin a cikin ƙarin ciwon daji na ƙwaƙwalwa, a kunna maganaɗisu daga waje, ya yi zafi ya raunana ƙarin.

Sai dai duk waɗannan kayayyaki da sinadarai ko da injina ake yin su. Ɓarɓashin da bakteriya ke ƙerawa har yanzu yana matakin bincike. An gwada na bakteriya masu maganaɗisu a kan ciwon daji a jikin ɓeraye, an kuma gwada na azurfa a kan ƙwayoyin cuta a faranti. Tsakanin faranti da gadon majinyaci kuwa akwai tafiya mai nisa.

Binciken da ake yi a Najeriya

Aikin da ya fi fice a ƙasar nan shi ne na Farfesa Agbaje Lateef da rukunin masu binciken nano a Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomoso. A 2015 sun wallafa yadda suka yi amfani da inzayim ɗin wata bakteriya, Bacillus safensis LAU 13, mai narkar da gashin kaji, suka haɗa ɓarɓashin azurfa da ya hana Escherichia coli yaɗuwa a faranti. A Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ma akwai masu aiki a fagen nano. Yawancin ayyukan da ake yi a jami'o'in ƙasar nan, ciki har da na Arewa, sun fi karkata ga amfani da ruwan ganye da sassaƙe maimakon bakteriya, saboda ya fi sauri da arha.

Abin da ke hana shi isa ga majinyata

Matsala ta farko ita ce girma. Magani na bukatar ɓarɓashi mai girma ɗaya a kowane zubi, alhali na bakteriya yakan fito manya da ƙanana a gauraye, ya kuma sauya idan zafi ko abincinsu ya sauya.

Ta biyu ita ce tsafta. Bangon jikin wasu bakteriya na ɗauke da guba wadda, idan ta shiga jini, takan jawo zazzaɓi mai tsanani, har ma ta kai ga halaka. Tafasawa kaɗai ba ta kashe ta, kuma raba ta da ɓarɓashin aiki ne mai wuya da tsada.

Ta uku, azurfa ba ta bambanta ƙwayar cuta da ƙwayar jikin mutum idan ta yi yawa. Wanda ya daɗe yana shan ta, fatarsa na iya rinewa ta koma toka-toka mai shuɗi, kuma ba ta komawa yadda take.

Ta huɗu, ƙwayoyin cuta na iya sabawa da ita. A 2018, masana a Jami'ar Palacký ta Jamhuriyar Cek sun nuna cewa Escherichia coli da Pseudomonas aeruginosa, bayan an yi ta zuba musu ɓarɓashin azurfa, sun riƙa fitar da wani furotin da ke dunƙule shi ya rasa ƙarfi.

Darasin 2014

Najeriya ta taɓa fuskantar wannan batu a lokacin tashin hankali. A watan Agustan 2014, ana tsaka da annobar Ebola a Legas, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya sanar da cewa za a gwada wani ruwa mai suna Nano Silver a kan majinyata. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye, tana mai cewa bai cika ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa ba. Tun 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta yanke cewa ruwan azurfar da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, ba a tabbatar da amfaninsa ko amincinsa ba.

Don haka kalmar nano a jikin kwalba ba shaidar inganci ba ce. Duk abin da aka kawo da sunan ruwan azurfa ko na zinare mai warkar da cututtuka, a nemi shawarar likita ko masanin magunguna kafin a sha, a kuma duba ko hukumar NAFDAC ta yi masa rajista, da abin da ta yi masa rajistar a kai.

Inda batun ya shafi Kebbi

Ta fuska biyu wannan ilimi ya taɓa Jihar Kebbi. Ta farko ita ce bukata. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a jihar na ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a Najeriya. Saboda haka kayan gwaji masu ɓarɓashin zinare abin amfanin yau da kullum ne a asibitocin jihar.

Ta biyu ita ce ƙasa. Ana haƙar zinare da hannu a Masarautar Yawuri da wasu sassa na Masarautar Zuru, kuma a irin wannan ƙasa ce aka samo fitattun bakteriyar da ke jure ƙarfe a wasu ƙasashe. Matakan farko na aikin, wato ɗebo ƙasa, renon bakteriya da auna launi, ba su fi ƙarfin ɗakin gwaje-gwajen jami'a ba, irin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020. Matakan gaba su ne ke bukatar madubin ilektiron, wutar lantarki tsayayya, gwaji a kan dabbobi, sannan gwaji a kan mutane bisa izinin hukuma, kuma waɗannan kan ɗauki shekaru.

Haƙar zinaren ita kanta tana da nata haɗarin. A 2010, gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara mai maƙwabtaka da Kebbi. Bakteriyar da ke daskarar da narkakken ƙarfe suna cikin abubuwan da masana ke gwadawa don tsaftace ruwa da ƙasar da haƙar ma'adinai ta gurɓata, kuma wannan amfani ba ya bukatar tsauraran sharuɗɗan da ake gindaya wa abin da za a sa a jikin mutum.