Daga Ɗigon Abul Aswad zuwa Iƙra': Tarihin Koyar da Karatu ta Hanyar Harafi da Sauti

Gabatarwa

A kowane aji na makarantar Islamiyya akan sami yaron da ke karanta sura da ka babu gargada, amma idan aka nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafi sai ya yi shiru. Irin wannan yaro ya haddace, bai iya karatu ba. Matsalar tsohuwa ce, kuma malaman Musulunci sun daɗe suna neman maganinta. Wannan maƙala za ta bi diddigin ƙoƙarin da suka yi.

Sauƙaƙa rubutun kansa

Mus'hafan farko ba su da ɗigo, ba su da wasali. Balaraben da ya riga ya san lafazin yana iya karanta su, amma da Musulunci ya yaɗu cikin Ajamawa sai kurakurai suka yawaita. Abul Aswad ad-Du'ali (ya rasu 69 B.H.) shi ake dangantawa da sanya ɗigo masu launi domin nuna wasula. Bayansa, a zamanin Hajjaju bn Yusuf, aka jingina wa Nasru bn Asim da Yahya bn Ya'amar ɗigon da ke bambanta haruffa masu kama da juna, kamar ba da ta da sa. Sannan Khalilu bn Ahmad, a ƙarni na biyu, ya kawo siffofin fataha da kisira da damma da shadda. Da wannan ne kowane sauti ya sami alamarsa, har ya yiwu mai koyo ya karanta kalmar da bai taɓa ji ba.

A Ƙairawan, Muhammad bn Sahnun (ya rasu 256 B.H.) ya lissafa a cikin Adabul Mu'allimin abubuwan da ya kamata malami ya koya wa yara, ciki har da wasali da tahajji, wato ƙirga haruffan kalma ɗaya bayan ɗaya, da kyautata rubutu. Ibn Khaldun kuwa, a Muƙaddima, ya soki tsarin Magrib na tsayawa kan Alƙur'ani kaɗai, yana ganin hakan na barin yaro da rauni a harshe.

Ƙa'idar Bagadaza da 'ya'yanta

Littafin da ya tattara wannan hanya shi ne Ƙa'ida Bagdadiyya, wadda ake dangantawa da Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa. Tsarinta hawa-hawa ne: haruffa su kaɗai, sai haruffa da wasula, sai tanwini, madda, sukun da shadda, daga nan a shiga ƙananan surori. Yaro zai ambaci sunan harafi da sunan wasali, sannan ya furta sautin. Hikimarta ita ce ba ta ɗora wa ɗalibi abin da ba a riga an koya masa ba.

A Indiya, Shaikh Nur Muhammad Haƙƙani (ya rasu 1925) ya tsara Ƙa'ida Nuraniyya cikin darussa 17, ya ɗauko kalmomin atisaye daga Alƙur'ani, ya jera su gwargwadon abin da ɗalibi ya riga ya sani. A Indonesiya kuma, As'ad Humam na birnin Yogyakarta ya fitar da Iƙra' cikin juzu'i 6 a wajajen 1990. Shi ya ajiye ambaton sunayen haruffa, ya sa yaro ya furta sauti kai tsaye. Juzu'i na farko fataha ce kawai, ba a kai ga kisira da damma sai a na uku, kuma ba a wuce shafi sai ya zauna.

Turawa ma sun yi nasu jayayyar. A Amurka an daɗe ana koya wa yara gane kalma da siffarta gaba ɗaya, har Rudolf Flesch ya soki haka a 1955. Rahoton kwamitin ƙasa kan karatu na 2000 ya goyi bayan koyar da sauti bisa tsari, haka ma rahoton Rose a Ingila a 2006. Daga nan aka ƙara ba da muhimmanci ga littattafan da kalmominsu ba su wuce haruffan da aka koyar ba, wanda shi ne ginshiƙin Bagdadiyya tun da can.

A ƙasar Hausa

Makarantar allo tana da nata matakan: babbaƙu, sai farfaru, sai haɗa su a tashi karatu. Malamai sun raɗa wa haruffa sunayen Hausa bisa siffarsu, irin su ba guje da mim jaye da ha kuri, domin idon yaro ya kama su. Sai dai da yake ana ɗauko haruffan ne daga surar da ake rubutawa a allo, mai wuya da mai sauƙi kan zo tare, kuma yaro mai kaifin hadda yana iya ɓoye rauninsa shekaru. Akwai kuma wata matsala. A rubutun Magribi na riwayar Warshu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. A bugun Hafsu, ɗigo ɗaya a sama fa ce. Yaron da ya taso daga allo zuwa Islamiyya yakan rikice a nan, a ɗauke shi daƙiƙi alhali ba a bayyana masa bambancin ba ne.

Kammalawa

Tarihin nan yana nuna abu uku ga mai koyarwa: a gwada yaro da kalmar da bai haddace ba, a mayar da mai rauni daidai matakin da ya kuɓuce masa, a kuma ba shi shafin da zai iya karantawa da kansa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Nana A'isha (R.A.), cewa mai karatun Alƙur'ani yana gargada, yana shan wahala, lada biyu gare shi. Wanda shari'a ta ninka wa lada bai cancanci bulala ko wulaƙanci ba. Haƙƙinsa ne a koma da shi farkon harafi, a bi da shi sannu. Allah ne Mafi sani.