Idan Ɗan Wasa Ya Manta, Wa Zai Tuna Masa?



Duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo a Isa ko Sabon Birni ya san yadda muke haddace tarihin 'yan wasan Turai kamar karatun allo. Yau mun ɗauko wanda ba a cika ambatonsa a wajenmu ba, domin labarinsa ya shafi aikinmu.

Sunansa Billy McNeill, ɗan ƙasar Sikotland. Ya shiga ƙungiyar Celtic ta birnin Gilasgo a 1957, bai kuma buga wa wata ƙungiya ba har ya yi ritaya a 1975. Mai tsaron baya ne, ya yi suna wajen buga ƙwallo da kai. Shi ne kyaftin ranar 25 ga Mayu, 1967, da Celtic ta doke Inter Milan da ci 2 da 1 a Lisbon, ta zama ƙungiyar Birtaniya ta farko da ta ɗauki kofin Turai. A 2015 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin wasansu, yana ɗage da kofin.

A 2017 iyalinsa suka bayyana cewa yana fama da cutar mantuwa, irin wadda mu nan muke kira gigin tsufa. Ciwon ya kai har magana ta gagare shi. Mutumin da ya ɗaga kofin ya kasa ba da labarinsa, sai magoya baya suka ci gaba da bayarwa a madadinsa. Ya rasu ranar 22 ga Afrilu, 2019. A wasan farko bayan rasuwarsa, Jozo Simunovic, sanye da lamba 5 irin tasa, ya ci ƙwallo da kai a minti na 67. Filin ya ruɗe, domin kowa ya san ma'anar lambobin nan biyu. Sun sani ne saboda an rubuta, an karanta, an gaya wa yara.

A shekarar ce Jami'ar Gilasgo ta fitar da bincike kan tsofaffin 'yan wasan Sikotland fiye da 7,000. Ta gano cewa haɗarin mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Daga 2020 ƙasar ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 12 atisayen buga ƙwallo da kai.

To, mu dawo gida. Rashidi Yekini haifaffen Kaduna ne, a 1963, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ya zama gwarzon Afirka a 1993, shi ya ci mana ƙwallonmu ta farko a gasar kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, ya riƙe raga yana kuka. Nasa ciwon daban ne: rahotanni sun yi ta cewa yana fama da larurar ƙwaƙwalwa a Ibadan, yana zaune shi kaɗai. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. Allah ya jiƙansa. Yabon da ya kamata ya ji da kunnensa sai bayan an binne shi muka yi.

Wannan Yekini ke nan da duniya ta sani. Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa a 1978. Mu nawa ne a nan za mu iya kawo sunan mutum uku daga cikin waɗanda suka buga? Balle tsohon da ya shekara goma yana tsaron gidan ƙungiyar garinmu a filin firamare, ba albashi, ba hoto. In tsufa ya ruɗa shi, yara ne za su riƙa tsokanarsa a hanya, wasu ma su ce sammu ne.

Mu Gobirawa mun san Bawa Jan Gwarzo, mun san Alƙalawa ta faɗi a 1808, saboda makaɗa sun riƙe, malamai sun rubuta. Yanzu rashin tsaro ya watsa ƙauyukanmu da dama, tsofaffin da suka san labarin sun warwatsu, wasu Sakkwato, wasu Maraɗi. Mantuwa biyu ke jiran su: tasu da tamu.

Aikinmu na wannan mako shi ne kowa ya nemi tsohon ɗan wasa ɗaya a garinsu. A gaishe shi, a nemi izininsa, a tambaye shi: Baba, wace shekara kuka fara, da wane gari kuka fi kai ruwa rana, wa ke ɗinke muku ƙwallo in ta fashe? A rubuta yadda ya faɗa. In ya fara mantuwa, a zauna da abokansa a gabansa, a bar shi ya ji ana ambaton sunansa.

Sai mun ga abin da kuka samo. Allah ya ba mu tsufa mai albarka.