Kamun kifi da mashi a ƙarƙashin ruwa: kayan aiki, dabaru da haɗurra

Kamun kifi da mashi yana daga cikin tsofaffin hanyoyin su a duniya. Iri biyu ne: akwai wanda masunci ke jifa daga kan kwale-kwale ko bakin gaɓa, akwai kuma wanda yake nutsewa ya riski kifin a ƙarƙashin ruwa ba tare da tukunyar iska ba. A wannan na biyun, numfashi ɗaya da mutum ya shaƙa shi ne jarinsa, kuma kayan aiki da dabarun sana'ar duk an tsara su ne domin tattalin wannan numfashi.

Tushensa a Arewa

Sarkawa, masuntan Kogin Neja da ake samu a Yawuri da kewaye, sun shahara da zago, mashin da kansa ke cirewa idan ya soki babban kifi ko dorina. Kan yana ɗaure da igiya da wani abu mai iyo, wanda ke nuna wa masunta inda abin da suka soka ya nufa.

Nutso kuwa ya fi fitowa fili a bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Wasannin Kabanci sun haɗa da gasar nutso da kamun kifi da hannu. A babbar gasar da ake yi a Matan Fada, homa da gora ne kayan aiki, kuma kifin da ya zo na ɗaya a 2020 ya kai kilo 78.

Kayan aikin zamani

A tekunan duniya, inda ake farautar manyan kifaye irin su tuna nesa da gaɓa, mai nutso yana sanya tabarau na ruwa da bututun numfashi, domin ya riƙa kallon ƙasa yana kwance a saman ruwa. Dogayen takalman iyo masu kama da ƙafar agwagwa suna kai shi nesa da ɗan motsi kaɗan. Rigar roba tana kare shi daga sanyi, ɗamarar dalma kuma tana taimaka masa ya nutse ba tare da kokawa ba.

Makamin shi ne bindigar mashi, wadda roba ko matsattsiyar iska ke harbawa. Ana haɗa mashin da doguwar igiya zuwa wani tulun roba mai iyo, hikima ɗaya da ta zagon Sarkawa: kifi ya yi ta ja da tulun har ya gaji, maharbi kuma ya koma sama ya shaƙi iska. Wuƙa ma dole ce, domin yanke igiya idan ta naɗe mutum.

Dabaru

Ba a bin kifi da gudu a cikin gidansa. Ƙwararru kan sauka a hankali, su tsaya cik, su bar son gani ya jawo kifin kusa. Wasu kan rataya ƙyallayen ƙarfe masu walƙiya ko su watsa guntayen kifi domin janyo shi. Ana auna bayan kai ne, kusa da ƙashin baya, saboda sukar ciki kan yage kifin ya tsere da rauni.

Ruwa yana yaudarar ido. Ta cikin tabarau, kifi kan bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa, shi ya sa sababbin shiga ke harbi tun bai iso ba. Mai jifa daga sama kuwa sai ya auna ƙasa da inda yake ganin kifin.

Haɗurra

A kowace mita 10 ta zurfi, nauyin da ke danne jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke saman ƙasa. Saboda haka mai nutso kan toshe hanci ya hura a hankali tun daga farkon sauka, don kada dodon kunnensa ya fashe.

Babban haɗari shi ne suma, wadda ta fi aukuwa dab da fitowa. Yawan jan numfashi da sauri kafin nutso yana kashe alamar da ke gargaɗin jiki cewa iska ta kusa ƙarewa, sai mutum ya sume ba tare da ya ji komai ba. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana kallonsa, tare da hutu mai tsawo tsakanin nutso da nutso.

Irin ruwan ma abin lura ne. Yawancin kogunan Arewa gurɓatattu ne da laka, ba a ganin nesa. A tsaunin Filato kuwa, tafkunan da ke jan hankalin matasa, kamar na Rayfield a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, tsofaffin ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Gefensu kan zarce ƙasa kai tsaye, ruwansu da sanyi, ƙasansu kuma taɓo ne da ke duhunta wuri da zarar an taɓa shi. Sanyi yana cinye numfashi da wuri, duhu kuma yana hana abokin da ke sama ganin wanda ya sume. Duk mai sha'awar koyon nutso zai fi tsira idan ya fara a ruwa marar zurfi, a hannun wanda ya san wurin.