Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Asalin Agajin Damina A Ƙasar Kazaure Da Babura

Mahaukaciyar guguwar teku irin Katrina, wadda ta nutsar da birnin New Orleans na Amurka a watan Agustan 2005, ba ta zuwa ƙasar Hausa, don teku ta yi mana nisa. Namu rabon iri biyu ne. Akwai iskar farkon damina, wadda kan taso daga gabas da jar ƙura a watan Mayu ko Yuni, kafin a gama kwashe shanya ta yaye rufin unguwa guda. Akwai kuma markar Agusta, wadda ba ta hayaniya: kwana biyu ko uku ana yayyafi, katangar ƙasa tana shan ruwa, can cikin dare sai a ji ta zauna. Mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa yana kan tudu ne da duwatsu, ba kamar na Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma ba, da kogin Haɗejiya kan yi wa sallama har tsakar gida. Amma mai iyalin da ya wayi gari babu rufi, ba ruwansa da ko kogi ne ya kore shi ko iska.

Tun kafin a san wata hukuma ko ƙungiya mai kaki, an san wanda ke fara zuwa. Maƙwabci ne. Mata da yara a raba su cikin gidajen dangi da na unguwa, maigida ya shimfiɗa tabarma a zauren wani ko a masallaci. Ba a kiran wannan da wani suna, don ba a ɗauke shi aiki ba. Abin da ke da suna shi ne jaje, wato zuwa a taya mutum jimami, da gudummawa, wato abin da mai jaje ke riƙowa a hannu: kwanon gero, tsohuwar tabarma, zane, tukunya. Sai kuma babbar aba, gayya.

An fi sanin gayya a gona, inda samari kan haɗu su nome wa mutum guda, makaɗa na zuga su, mai gona ya ciyar da su fura da tuwo. Amma gini ma ɗan gayya ne, kuma dalilin a fili yake. Duk abin da gidan da yake buƙata yana kusa. Ƙasa tana bayan gari, ciyawar shuci tana daji, kara yana gona bayan girbi, azara kuma daga giginya take. Abin da ya rage ƙarfi ne. Wasu su haƙo ƙasa, yara su ɗebo ruwa, a kwaɓa da ƙafa, a mulmula tubali a shanya, magini ya hau bango ana jefa masa yana cafewa. Jinka kuwa a ƙasa ake ɗaura ta, a baibaye ta, sannan a yi kira maza su kewaye ta su ɗaga gaba ɗaya su ɗora a kan ɗaki. Karin maganar nan da muke yawan ja a wurin taro, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba hikimar zaune ba ce, bayanin aiki ne kamar yadda ake yin sa. Wanda iska ta ɗauke wa jinka yau, cikin kwanaki kaɗan ya koma ɗakinsa bai ci bashin kowa ba, sai bashin fitowa ran da aka kira gayyar wani. Wannan bashin kuwa ba a yafe shi. Wanda ya saba noƙewa, ran da tasa ta same shi zai ga ƙofar gidansa fayau.

A saman wannan taimakon na maƙwabta da gayya ne sarauta ta zauna. Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a farkon ƙarni na 19 bayan doguwar takaddama da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ce a yau ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa, mai iyaka da Jamhuriyar Nijar, tana ƙarƙashin Ringim. Ko'ina dai tsanin ɗaya ne: mai unguwa ya san gidan da ya faɗi da yawan bakin da ke cikinsa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada. Baƙon da masifa ta koro, mai gari ne ke nema masa masauki, in zai zauna ya yanka masa fili da gona. Ga kuma zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, wadda a ƙa'ida rabon mabukata ce. Ba kullum tsarin ke ɗaukar nauyin da aka ɗora masa ba. A yunwar Kakalaba ta 1914 rumbuna sun ƙare, ga harajin Bature ba a ɗaga ba, mutane suka watse. Gayya tana iya ɗaukar gida biyar ko goma da suka faɗi, amma ba ta da ƙarfin ɗaukar gari guda da kowa a cikinsa ya zama abin a taimaka.

Ɗan agaji mai kaki da hula da bel ɗan baya-bayan nan ne. Ƙungiyar Red Cross ta samu dokar kafuwarta a Najeriya a 1960. Jama'atu Nasril Islam ta kafu a Kaduna a 1962, Fityanul Islam ta biyo baya a Kano a 1963, Izala kuma a Jos a 1978, kowacce da rundunarta ta 'yan agaji. Ba don ambaliya aka ƙirƙiri rundunonin waɗannan ƙungiyoyin addini ba. Aikinsu na asali tsare sahu ne a filin Idi, da kula da taron wa'azi ko Mauludi, da hidimar alhazai, da ɗaukar wanda ya faɗi a cikin cunkoso. Sai dai saurayin da aka koya wa fareti da ɗaurin rauni, aka saba masa da jin umarnin kwamanda, shi ne za a fara tunawa ran da soro ya danne mutane. Haka 'yan agaji suka shiga aikin damina ta ƙofar baya: tono waɗanda gini ya rufta wa, kai su asibiti, wanka da sutura in abin ya zo da ƙarar kwana, yawo da kwali ranar Juma'a ana tara taro da sisi. A ganina nan ne aka samu sabon abu na gaske, domin gayya ta unguwa ce da sanayya, shi kuwa ɗan agaji yana iya hawa mota daga Kazaure ya je ya yi wa mutanen da bai taɓa gani ba aiki. Wani abin lura, ƙungiyoyin da malamansu ba sa ga maciji a kan mumbari, sau da yawa yaransu kan haɗu a kan kango ɗaya da shebur.

Gwamnati ita ce ta zo a ƙarshe, kuma fari ne ya jawo ta, ba ruwa ba. Bayan farin 1972 zuwa 1973 ne gwamnatin soja ta kafa hukumar rabon kayan agaji ta ƙasa a 1976. Da aka sake yin wani farin a 1984, garuruwan bakin iyaka irin Babura sun ga 'yan'uwa daga Nijar suna gangarowa da abin da ya rage musu na dabbobi, kuma zaurukan mutane ne suka fara karɓarsu. A watan Agustan 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, lokacin Kazaure ma tana cikin Jihar Kano inda madatsar take, aka ga irin ɓarnar da ba a saba gani ba. An ƙirƙiri Jigawa ran 27 ga Agustan 1991, aka kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, a 1999, jihohi kuma suka bi sahu da nasu hukumomin, waɗanda ake kira SEMA. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jigawa a 2000, masarautu sun farfaɗo da karɓar zakka da rabonta ta hannun kwamitoci. Na Dutse a zamanin Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya yi suna, Kazaure ma a ƙarƙashin Sarki Najib Hussaini Adamu ba a bar ta a baya ba. Sai manyan shekarun ruwa suka zo. A 2012 mutum 363 suka rasu a faɗin Najeriya, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa illa.

Duk da waɗannan hukumomi, komawa ɗaki ya fi wuya a yau fiye da zamanin kakanni, kuma dalilin yana saman ɗakin ne. Tun da kwano ya kori jinka da soron azara, bulo da siminti suka fara korar tubali, gini ya tashi daga abin ƙarfi ya koma abin kuɗi. Samari talatin masu niyya ba za su haƙo bandir ɗin kwano a bayan gari ba, ba za su yanko katako da ƙusa a daji ba. Kafinta kuma ba ɗan gayya ba ne, da sana'arsa yake ci. Kwanon ma, in an buga shi a kan siririn katako ba a ɗaure shi da bango ba, ga shi an sare itatuwan da ke kare gari, shi iska ta fi so. Wasu su jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kai, su bar wa Allah sauran. Ga batun kududdufi. Ramin da aka haƙi ƙasar gina gari shi ne ke shanye ruwan garin da damina. Da filaye suka yi daraja sai aka bi kududdufai ana cikewa da shara ana yankawa fuloti, ruwa kuma bai manta hanyarsa ba.

Shi ya sa agajin sa-kai na yanzu ya koma neman kuɗi. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai da na matasa sukan ɗauki hoton kango su saka a WhatsApp da Facebook tare da lambar asusu, 'yan garin da ke Kano da Abuja da Legas su turo abin da ya sawwaƙa. Tsohuwar gudummawa ce ta sami waya. Tana da sauri, amma tana da son kai irin nata: unguwar da ke da ɗa mai faɗa a ji ko mai mabiya da yawa ta fi samu, rugar da ke bayan dutse a Roni ko wani ƙauye a Gwiwa da mota ba ta shiga da damina sai a ji labarinsa bayan mako guda. Rubuta sunaye ma ya zama abin rigima, don da zarar an ce kaya na tafe sai jerin ya yi tsawo, wanda katangar bayan gidansa ta tsage ya shiga gaban wadda ɗakinta ya rufta. Masu aikin da suka ga jiya sukan koma wa mai unguwa da liman, su bi gida-gida da ƙafa kafin su rubuta kowa.

Kayan hukuma in sun iso, galibi shinkafa ce da masara da tabarmi da gidan sauro, wani lokaci da kwano da siminti da ba sa isa kowa. Masaukin wucin gadi kuwa kusan kullum makarantar firamare ce, don ginin bulo ne kuma ana hutu a watan Agusta. Da Satumba ta kama, hedimasta na son azuzuwansa. Iyalai su naɗe tabarmi su koma gidajen dangi da maƙwabta, ɗaki ɗaya mutum takwas ko goma, su jira ruwa ya ɗauke a yi girbi. Tubali ba ya bushewa da damina, saboda haka sai wajen Nuwamba, in an sayar da ɗan wake ko riɗi an tanadi kuɗin kwano, ake kiran samarin unguwa su fara kwaɓa ƙasa.